Sifikar aljihu, ta tsakiya, ko mai memori: amsa ga Malam na Argungu

Allah gafarta Malam, na ga tambayarka tun jiya da dare, ban so in amsa ta a tsaitsaye ba shi ya sa na bari sai da na rufe shago. Ka ce kana neman sifikar Bluetooth mai sauƙin kuɗi, wadda za ka riƙa tafiya da ita fadama a babur kana sauraren karatu, da yamma kuma ka kunna wa yara a zaure su ji yadda ake fitar da haruffa. An nuna maka uku: 'yar ƙaramar JBL Go 3, da Anker Soundcore 2, da babbar nan ta kasuwa mai mariƙi da tocila da gurbin memori, wadda kowane kwali da sunan da ake buga mata. Kana son sanin wadda ta fi sauti da wadda ta fi daɗin ɗauka.

Dukansu sun sha ratsawa ta hannuna a nan Birnin Kebbi, wasu an kawo caji, wasu an kawo gyara, don haka abin da na ji da kunnena da abin da na gani bayan na kwance noti zan faɗa maka.

Na san yadda aka yi maka gwajin, ko ban je ba. Mai shago ya jera su a kan teburi, ya ƙure wa kowace murya, babbar ta danne sauran, sai ya ce, "Malam, wagga ta hi ƙara." Bai yi ƙarya ba, ta fi ƙara. Amma kai ba ƙara ka je saye ba. Kai kana son yaro ya ji inda sin ya rabu da sadi, ya ji bambancin ta da ɗa mai hannu, ya ji gunna tana fita ta hanci, ya ji ƙalƙala ta buga ta tsaya. Wannan tsabtar murya ce, kuma sau da yawa inda ƙara ta yi yawa nan take ɓacewa.

Mu fara da 'yar ƙaramar. Ƙarfinta wat 4.2 ne, bakinta ɗaya, kuma masu ita sun rubuta cewa sautinta daga 110 Hz yake farawa (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri). Kunnen mutum yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000. Abin da ke ƙasa da 110 ɗin nan shi ne dum-dum ɗin babbar ganga da kake ji a ƙirji, wanda samari ke kira bes. To wannan ba ta da shi sosai, jikinta bai kai ba. In kiɗa ka sa mata, kalangu zai fito tas, ganga kuwa sai ta zama kamar ana buga ƙwarya. Sai dai karatu ba a can ƙasa yake ba. Abin da ke sa a gane harafi daga harafi yana sama, wajen 1,000 zuwa 4,000, kuma nan ne ta ƙware. Muryar mai karatu tana fita a wanke, ko ka kai ta kusa da ƙarshe ba ta fashewa. Inda take gazawa shi ne cika ɗaki. A zauren da yara talatin ke zaune, wani na tari wani na jan allo, na sahun baya zai riƙa miƙo wuya.

Ta tsakiyar, wato Anker, wat 12 ce, baki biyu, kowane wat 6. Kada lissafi ya ruɗe ka ka ɗauka ta ninka ƙaramar sau uku a kunne. Kunne ba haka yake awo ba: sai an ninka ƙarfi wajen sau goma kafin mutum ya ce ƙara ta ninku biyu. Abin da za ka ji shi ne ta ɗan ɗara ta ƙara, amma ta fi ta kauri nesa ba kusa ba. Muryar dattijo mai tafsiri tana fitowa da nauyinta, kamar yana zaune a kan buzu gabanka, ba kamar daga cikin waya yake magana ba. Tana da halinta ita ma. In ka ƙure ta, tana rage bes da kanta don kada ta fashe, sai sautin ya ɗan tsuke. A kashi uku cikin huɗu ta fi daɗi, kuma a nan ta ishi zaure, musamman in ka ɗora ta a kan wani abu kusa da bango maimakon ka ajiye ta a tabarma inda ƙafafun yara za su shanye sautin.

Babbar ta kasuwa kuwa sai na ɗan daɗe a kanta, don ana zaluntarta ta fuska biyu: masu sayarwa na yi mata kirarin da ba nata ba, masu ƙyale-ƙyale kuma na raina ta fiye da kima.

Kwalinta zai ce maka wat 500, wani har 1,000. Ka buɗe bayanta za ka tarar da batir ƙwaya ɗaya, irin dogon nan na tocila da ake kira 18650, mai bolt 3.7, sau da yawa na 1,200 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka). Da gaske tana jan wat 500, da wannan batir bai wuce rabin minti ba ya ƙare. Yawancin waɗanda na kwance, ɗan guntun da ke tura sautin na wat 3 ne zuwa 5. To me ya sa ta fi ƙara? Bakinta ne mai faɗi, yana tura iska da yawa, akwatin kuma ga fili. Wannan baiwa ce ta gaskiya, ba zan hana ta ba. Matsalar tana wajen akwatin: roba ce shafal, babu abin da ke riƙe ta daga ciki. Da ka wuce rabi sai robar ta fara kaɗawa tare da sautin, mariƙi na karkarwa, murfin batir na amsawa, muryar mai karatu ta koma kamar daga cikin randa take fitowa. A nan ne sin da sadi ke zama abu guda. Mai sauraren labarai ko wasan kwaikwayo ba zai damu ba. Mai koya wa yaro tajwidi dole ya damu, don abin da kunnen yaro ya ɗauka shi bakinsa zai maimaita, kuma kai ka fi ni sanin wahalar gyara harafin da ya riga ya zauna a harshe.

Ba dukansu ne haka ba. A cikin goma akan sami wadda aka yi da hankali, mai kaurin jiki. Shi ya sa ba a sayenta a kwali rufe. Ka je da naka memorin, ka sa karatu mai natsuwa irin na Husari, wanda ke bai wa kowane harafi haƙƙinsa, ka kai murya kashi uku cikin huɗu, ka ja da baya taku biyar, ka rufe ido. Sannan ka dawo ka dafa jikinta da tafin hannu. In dafawar ta gyara sautin, to robar ce ke kuka, kuma kullum ƙaruwa zai yi. Kada ka yarda a yi maka gwaji da waƙa mai kiɗa, kiɗa yana rufa wa sifika asiri.

Yanzu mu tafi fadama, don a can lissafin ke juyewa gaba ɗaya.

A ɗaki bango na maido maka da sauti. A fili babu mai maidowa, tafiya kawai yake. Duk sanda nisanka da sifika ya ninku, sauti na raguwa da desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarar sauti ne). A ce ka jingine babbar a gindin bishiya kai kuma kana cikin fangali, taku ashirin tsakaninku, wajen mita 16. Ita kuma ƙaramar tana rataye a wuyanka, rabin mita daga kunne. Daga rabin mita zuwa 16 ninki biyar ne, desibel 30 ke nan, abin da kunne zai ji kamar kashi ɗaya cikin takwas. Fifikon da babbar ta nuna a teburin mai shago bai kai ya cike wannan giɓi ba. Ka ƙara da injin ban ruwa yana ruri a gefe lokacin noman rani. Babu ɗaya cikin ukun nan da za ta yi gasa da inji daga nesa, wadda ke manne da jikinka ce kawai za ka ji. Shi ya sa ban yarda a raba maganar sauti da maganar ɗauka ba. Ga manomi abu ɗaya ne.

A nan ƙaramar ba ta da abokiyar karawa. Nauyinta giram 209, kusan nauyin babbar waya, ba ta cika tafin hannu ba, kuma tana da 'yar igiya a gefe da za ka zura zare ka rataya. Tana shiga aljihun gaban riga. Ta tsakiyar ta kusa ninka ta, wajen giram 400, tsawonta kusan santimita 17, kamar guntun rake, kuma ba ta da wurin ratayewa. Aljihun kaftani zai ɗauke ta amma zai rinjayi rigar, in ka sunkuya dashe za ta faɗo. Sai dai gafaka, ko ka riƙa ɗaga ta kana matsar da ita daga wannan kunya zuwa waccan. Babbar kuwa kaya ce. Sai ka ɗaure ta da roba a bayan babur tare da galan ɗin mai da buhun taki, kuma girgizar hanyar fadama ita ce ajalinta: yawancin waɗanda ake kawo mini sun yi shiru, ba ƙonewa suka yi ba, waya ce ta cire daga dalma ko bakin caji ya ɓalle daga allonsa.

Sai ruwa da ƙura. Za ka ga an rubuta IP67 a kwalin ƙaramar, IPX7 a na ta tsakiya. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. 6 na nufin ƙura ba ta shiga sam, 7 na nufin za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30. X ɗin kuma na nufin ba a ba ta shaidar ƙura ba, ba wai lalle ƙura na shigarta ba. Abin da ya hana ruwa yakan hana yawancin ƙura, muddin murfin robar da ke kan bakin cajinta na rufe ruf. Mutane na barinsa a buɗe, daga nan sai ka ji ana cewa an yaudare su. Ko wacce ka saya, in ta jiƙe kada ka sa mata caji sai bakin ya bushe. Kuma jure ruwa ba iyo ba ne. In za ka shiga kwalekwale da ita wajen Matan Fada, ɗaure ta, don gulbi ba mita ɗaya ba ne. Babbar ba ta da ko ɗaya cikin wannan. Ramukan memori da na filas a buɗe suke, hunturu ɗaya ya isa ya cika su, maganaɗisun bakinta kuma na janyo ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin ƙasa ya manne, sai ka ji sauti na ƙaiƙayi kamar an zuba yashi. Yayyafin farko na damina in ya same ta a fili, sai addu'a.

Da a nan maganar ta tsaya da na ce ɗauki ƙaramar ka huta. Batir ne ya hana.

Masu ƙaramar sun ce awa 5. Masu ta tsakiyar sun ce awa 24. Duka biyun a matsakaiciyar murya aka auna, in ka ƙure sai ka zabge da yawa. Kai da ke fita bayan asuba ba ka dawowa sai azahar ta gota, awa 5 ba za ta kai ka ba, za ta yi shiru rana na tsaka, ga shi kuma da la'asar yara na jira. Sai ka samu wuta kullum, ko ka riƙe fawabanki a aljihu ɗaya ita a ɗayan. Ka san yadda wuta take a wajenmu, ka kuma san kuɗin caji a shago in ya zama na kullum ba ƙaramin abu ba ne a wata. Ta tsakiyar caji ɗaya zai yi maka kwana biyu ko uku na irin aikinka. Akwai ƙanwar ƙaramar da ta fito a 2024, Go 4, wadda aka ce awa 7, amma kuɗinta ya ɗara, kuma har yanzu ba ta kama ƙafar 24 ba. Abu ɗaya ka duba a ta tsakiyar: fitowar farko bakin cajinta irin tsohon na Android ne, don haka ka tabbata kana da igiyarsa. Na ƙaramar taif-si ne, irin na sababbin wayoyi.

Batirin babbar shi ne rauninta, shi ne kuma ƙarfinta. Wanda take zuwa da shi yakan yi awa biyu ko uku, in fitilun nan masu walƙiya na kunne ma bai kai ba, don haka abu na farko ka nemi maɓallin kashe su. Amma a yawancinsu murfi kawai za ka zare ka canza batir, abin da ba ka isa ka yi wa sauran biyun ba sai an ɓarke su. Ka sayi 18650 mai kyau guda biyu, ɗaya a ciki ɗaya a aljihu, ka gama da matsalar. Sai dai ka sani batirin wannan girma na gaskiya bai wuce wajen 3,500 mAh ba. Duk wanda ka ga an buga masa 9,900, ajiye shi. Ka ɗaga ma za ka ji shi sakayau. Ɗan faifan sola da ake manna wa wasu a baya kuma kada ya ja ka. Bai fi tafin hannu ba, abin da yake tarawa kaɗan ne, kuma kafin ya tara sai ka shanya sifikar a rana, alhali zafi ne babban makashin batir. A watan Afrilu da zafinmu ke haura digiri 40, ko wacce ka saya kada ka bar ta a kan tankin babur ko cikin rana tsaka. Na sha ciro batir ya kumbura kamar an hura shi saboda wannan.

Akwai kuma abin da babbar ke yi wanda manyan sunayen nan biyu ba sa yi ko kusa, kuma a ganina shi ya sa ba za ta taɓa barin kasuwanninmu ba: tana tsayawa da ƙafarta. Ka zura memori, ka danna, shi ke nan. Ga rediyon FM a ciki, ga tocila. Sauran biyun ba su da gurbin memori, ba su da rediyo, bayin waya ne. Wayarka ce ke karatun, su suna ɗaga murya kawai, don haka cajin waya na tafiya, kuma in ka yi nisa da ita fiye da wajen mita 10 sauti ya fara yankewa. In kira ya shigo karatu ya tsaya. Ta tsakiyar tana da makirfo, ma'ana kiran na iya fitowa ta cikinta kowa na ji, sai ka kula in kana cikin yara. Ƙaramar ba ta da shi, kira a waya yake zama. Sannan ba za ka iya bar wa iyali su a gida ka fita da wayarka ba, sai in akwai wata wayar. Ko ƙaramar waya mai maɓallai ta isa, in dai tana da Bluetooth da memori, kuma dabarar da nake ba mutane ke nan: tsohuwar waya a ware ta don karatu kaɗai.

In babbar ka zaɓa saboda wannan, gwada abu biyu kafin ka biya. Ka sa dogon karatu, ka bari ya yi nisa, ka kashe ka kunna. Wasu na ci gaba daga inda suka tsaya, wasu na komawa farko. Tafsirin awa ɗaya da rabi a sifikar da ke komawa farko azaba ce. Na biyu, nemi mai lambobi a jiki da ɗan gilashi mai nuna lamba, yadda in kana son sura ta 67 za ka danna 6 da 7, ba ka tsaya kana tsallake sittin da shida ɗaya bayan ɗaya ba. Ka kuma saurari muryar matar nan da ke sanarwa da Turanci in an kunna. A wasu ba ta raguwa, da asuba sai ta tashi gida.

Maganar jabu ba zan tsallake ta ba, don ƙaramar nan tana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. Alama mafi sauƙi: ta asali ba ta da ramin memori, ba ta da na filas, ba ta da rediyo, bakin caji ne kaɗai a jikinta. Duk wadda aka miƙo maka da wannan suna aka ce "har memori tana ci", ba ita ba ce. Haka in kuɗinta bai kai rabin abin da ake sayarwa a manyan shaguna ba. Jabun ba ta da tsabtar muryar, ba ta da kariyar ruwan, ga ta kuma ba ta da faɗin bakin ta kasuwa, ta yi biyu babu. Gara ka sayi marar suna da saninka, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuma kada wani ya ce maka wai wannan 'yar China ce waccan ba ita ba. Anker kansa kamfanin ƙasar Sin ne, haka oraimo, ɗan gida ɗaya da Tecno da itel da Infinix. Ba ka tambaye ni oraimo ba, amma in ka ga tasu mai gurbin memori a shagon da ka amince da shi, sa ta a layin gwajin, don tana iya haɗa maka abin da sauran suka raba.

Da ni ne kai, Malam, kuma guda ɗaya zan saya, ta tsakiyar zan ɗauka. Na san na ce ƙaramar ta fi ta a fadama, ban janye ba. Amma a fadama kai kaɗai ne mai sauraro, kuma kai ka riga ka san karatun, ko harafi ya kuɓuce wa kunnenka zuciyarka za ta cike. Yaran zaure ba su da abin cikewa, abin da sifikar ta ba su shi ne nasu. Su suka fi buƙatar murya mai kauri da tsabta da za ta kai sahun baya, kuma su za a fi cuta ranar da aka zo darasi batir ya mutu tun a gona. Abin da za ka rasa shi ne ratayewa a wuya, wannan kuma tela zai ɗinka maka 'yar jaka mai raga a gaba da dogon maɗauri ka saɓa a kafaɗa. In kuɗin bai kai ba, kada ka ci bashi a kanta: ɗauki ta kasuwa matsakaiciya, ba ƙatuwar ba, mai batirin cirewa, ka bar ta a zaure kada ta ga fadama, kada kuma ka wuce da ita rabin murya.

Ranar da za ka shigo Birnin Kebbi ka taho da wayarka da memorin da kake koyarwa da shi. Zan aro ukun mu fita da su bakin titi inda babura ke wucewa, ba cikin shago ba, ka tsaya daga nesa ni in riƙa canzawa ba tare da ka ga wadda ke kunne ba. Ka gaida mutanen gida da almajirai.